Ma'aunin Tsohon Kwabo

Ɗaki guda muka kama a Fagge,
saman shagon mai gyaran agogo,
tagarmu na kallon Wapa
inda 'yan canji ke lissafin kuɗin yau.
Mu na jiya muka zo aunawa.

Jarinmu duka ga shi kan tebur:
sikeli ɗan mitsitsi,
gilashin ƙara gani da ya tsage a gefe,
fitila mai wuyan zalɓe,
da takardar rajista da ta cinye mana wata huɗu.

Sabitu ya ce mataki saba'in ake yi a waje.
Na ce wa zai tsaya a Kurmi
yana musun sittin da uku da sittin da huɗu?
Muka kai isha'i muna ja-in-ja,
shayi ya huce sau biyu,
muka sauka a kan shida.

Na can sama Sabon Bugu,
wanda bai taɓa sayen ƙosai ba,
tauraronsa da kaifi kamar yau aka zana.
Ƙarƙashinsa Taɓin Farko.
Sai Ya Zaga, sai Ya Sha Hannu,
a nan Sabitu ya kafe sai an ƙirga
ganyen kwakwar da ya rage a bayan sule,
na ƙi, na kwana, na wayi gari na yarda.
Sai Suɗaɗɗe.
Can ƙasa Shafaffe,
wanda sai da yatsa da rantsuwa
za ka ce toro ne.

Ƙa'ida ɗaya ni na rubuta, da jan biro:
duk kuɗin da aka goge da toka ko lemon tsami
ya faɗi mataki biyu.
Baƙin shekaru shaida ne,
ƙyalli kuwa bakin dillali.

Mako na uku Alhaji Mudi ya hau benen da haki,
fataka goma sha biyu cikin gwangwanin alewa,
ya ajiye ambulan kusa da sikeli,
ya ce mu duba da idon rahama.
Sabitu ya tura masa ita da gindin biro.
Ranar kuɗin haya bai cika ba,
a ƙafa muka koma gida, ba mai ce wa wani uffan.

Wannan bai yi mini wuya ba.
Mai wuyar ranar Asabar ta zo,
Gwaggo Tabawa ce daga Yakasai,
ta kwance bakin mayafi da haƙori,
kwabo mai huda ya faɗo tafina da ɗuminsa.
Ladan ɗinkin farko na marigayi mijinta,
bai kashe ba, ita ya kawo wa.
Kowace Juma'a takan wanke shi da toka.

Na sa shi ƙarƙashin fitila na daɗe,
har mai agogo ya rufe ƙofarsa ya tafi la'asar.
Ya Sha Hannu ne.
Jan birona ya tunkuɗa shi Shafaffe.
Na nemi wata kafa a ƙa'idar,
ni na gina ta, ban bar ƙofar baya ba.

Na rubuta. Ta ce karanta mini.
Na karanta ina kallon ƙasa.
Ta yi dariya har goron bakinta ya nuna:
"To, ai kun iya aiki.
Ni na shafe shi, shekara arba'in da ɗaya,
ba wanda ya taya ni."

Na ɗauko gidan roba zan liƙe shi,
ta riƙe mini hannu.
"In ka rufe, ta ina zan taɓa?"
Ta biya kuɗin awo, ta ƙirga canjinta,
ta ƙulle kwabon, ta bi bango ta sauka.

Ƙa'idar na nan, ba mu goge ta ba.
Sai dai da safe na tarar
Sabitu ya ja layi a ƙasan takardar shaida,
ya rubuta da fensir: hannun wa?
Yawancin masu zuwa ba su sani ba.
Mukan bar wajen haka nan.